Ruwan Kano da Tsuntsayen Fadamar Haɗeja

Jawabin da aka yi wa Hakimai da Malamansu a gindin Dala, cikin Birnin Kano

 Abin da aka umurce ni in yi magana a kansa yau shi ne ruwa da tsuntsaye. Na sani wani zai ce a ransa, ana fama da tsadar hatsi da rigimar manoma da makiyaya, ina ruwan Hakimi da agwagwar daji? To, ina roƙo a yi mini haƙuri har in kai ƙarshe. In Allah ya yarda za a ga maganar agwagwa da maganar hatsi hanyarsu ɗaya ce.

ABIN DA DALA TA GANI

Bari mu fara daga nan inda mu ke zaune. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Barbushe akwai kurmi mai duhu da ruwa a Jakara, wanda mutanen wancan zamani ba su yarda a sare itacensa ba. Sa'ad da Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa, da sa'ad da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara faɗinta, ƙasar da aka yi ginin da ita a nan aka haƙe ta. Haka kuma ƙasar da kakanninmu suka gina soraye da zauruka. Ramukan da aka bari su ne suka zama kududdufan birni. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano cikin 1851, ya hau Dala, ya kuma rubuta labarin ruwan Jakara da ya gani a tsakiyar gari.

Yau wanda ya hau Dala ya duba, rufin kwano zai gani ko'ina. An cike kududdufai da yawa da shara an yi gini a kansu. Gaskiya ne kududdufin da aka bari da ƙazanta gidan sauro ne. Amma kududdufi shi ne tulun unguwa: shi ya ke karɓar ruwan sama idan an yi mamako, shi ya ke kuma tsiyaya a hankali ya shayar da rijiyoyi. Idan aka cike shi, ruwan ba ya fasa zuwa. Sai ya nemi tsohon gidansa, ya tarar da ɗakin mutum a wurin, ya shiga.

Akwai wani abu kuma da dattawan da ke nan za su shaida. A dā ba a yanka a kwata ba tare da ungulu sun cika katanga ba. Yanzu yaro ya kan girma a Kano bai taɓa ganin ungulu ba. Cikin 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke neman ƙarewa, watau IUCN, ta sa irin ungulun nan ta gari cikin waɗanda su ke bakin halaka. Haka gauraka, wanda a ke ɗauka shi ne tsuntsun Nijeriya. Saboda kama shi da a ke yi ana kai wa gidajen masu hali, ganinsa a daji cikin ƙasar nan ya yi wuya ƙwarai. Ba wanda ya yi shelar a ƙarar da waɗannan tsuntsaye. Kaɗan kaɗan suka tafi, muna kallo.

INDA RUWANMU YA KE ZUWA

Kogin Kano ya taso daga duwatsun kudu, ya ratsa dajin Falgore. Kogin Calawa ya biyo ta ƙasar Ƙaraye. Su biyun sun haɗu kudu da birni, suka zama kogi ɗaya wanda ya wuce ta Wudil da Ringim har Haɗeja. Gabas da Haɗeja ƙasa ta kwanta, ga kuma jigayin yashi jere, saboda haka kogin ya kan rarrabu ya malala cikin kwaruruka. Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, shi ma a nan ya ke bazuwa. Abin da ya tsira daga ruwan nan biyu shi ya ke haɗuwa ya wuce ta Gashuwa, ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi.

Wannan malala ita ce a ke kira fadamar Haɗeja da Nguru. Yau tana cikin Jihar Jigawa da Jihar Yobe, amma kada mu manta, har zuwa 1991 Haɗeja cikin Jihar Kano ta ke, kuma cikin 1930 jirgin ƙasa ya haɗa Kano da Nguru. Mutanen wurin, Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani, sun san yadda a ke cin fadama sau uku cikin shekara. Da damina su shuka shinkafa cikin ruwa, su shuka gero a kan jigawa. Ruwa na janyewa su bi laimarsa da wake da dawa da kayan lambu, masunta kuwa su kama kifin da ya yi ƙiba cikin ciyawa. Da rani Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa. Ban da wannan akwai kaba da goruba da itacen wuta da kanwa. Busasshen kifi da shinkafa da tabarmin kaba da a ke sayarwa a kasuwannin Kano, da yawansu daga can su ke fitowa.

Mutanen bakin teku suna da irin nasu. A can akwai tafkunan da tudun yashi ya raba su da teku, ruwansu gauraye, rabi gishiri rabi daɗi. A Ikko an keɓe wani yanki na Lekki cikin 1990 don namun daji da tsuntsaye, a Gana kuma an keɓe tafkin Sakumo kusa da Tema. Mu ba mu da teku. Abin da Allah ya ba mu a madadinsa shi ne fadama, kuma waɗansu tsuntsayen da su ke sauka a bakin teku irinsu ne su ke sauka a wurinmu.

BAƘIN DA SU KE ZUWA DA KAKA

An ƙidaya irin tsuntsaye fiye da 370 a wannan fadama. Waɗansu 'yan gida ne, kamar dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Shamuwa baƙuwa ce, amma ba ta fita Afirka; ta kan zo mana gab da damina, ta koma kudu idan ruwa ya ɗauke. Akwai kuma waɗanda su ke zuwa daga nesa ƙwarai, watau ƙananan agwagin ruwa da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda su ke yin ƙwai a Turai da Rasha. Idan sanyi ya kama can, ruwa ya daskare, sai su taso su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara. Su kan iso wajen Oktoba da Nuwamba, su koma wajen Fabrairu da Maris. Bayan hamada, fadamun nan su ne ruwan farko da tsuntsu zai gani. Idan ya iso a gajiye ya tarar da busasshiyar ƙasa, ba shi da wani masauki kusa.

Turawa da kansu sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu su ke tafiya da hunturu ba. Cikin 1822, kusa da wani gari mai suna Klütz a Jamus, aka harbo wata farar shamuwa ta Turai, aka tarar da mashi irin na Afirka a soke cikin wuyanta. Da shi ta yi tafiyar duka. Har yanzu tana ajiye a Jami'ar Rostock. Daga baya masana suka ƙago dabarar sa wa tsuntsu ƙaramin zobe a ƙafa, mai lamba da sunan wurin da aka sa shi. Ta haka aka san hanyoyinsu. A kan kuma yi ƙidayar tsuntsayen ruwa cikin watan Janairu, kuma ƙidayar 1997 ta sami fiye da 300,000 a fadamar Haɗeja da Nguru.

ABIN DA YA SAMI FADAMA

Cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano. Cikin 1992 aka gama ta Calawa. Ba wanda zai yi musun amfaninsu. Da ruwan Tiga a ke noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma daga kogunan nan biyu birni ya ke shan ruwan famfo. Amma madatsun nan suna riƙe da wajen kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya ke shiga kogin Haɗeja. Watau mabuɗin fadamar a hannun Kano ya ke.

Ga abin da ya biyo baya. A 1969, da kuma 1974, ambaliya ta rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A farkon shekarun 1990 ba ta kai 1,000 ba, a 1993 ma ba ta kai 500 ba. Fari na shekarun 1970 da 1980 yana da nasa laifi, gama shi ne ya janye Tafkin Cadi, amma riƙe ruwa ya ƙara wa ciwon zafi.

Ɓarnar ba ta tsaya ga ƙarancin ruwa ba, har da sākewar lokacinsa. A dā kogi ya kan cika ya tumbatsa cikin Agusta da Satumba, sa'an nan da rani ya ƙafe sai 'yan gurabe. Ƙarfin ambaliya ya kan share hanyoyin ruwa, zafin rani kuma ya kashe ciyawar da ta tsiro a ciki. Yanzu ambaliya ta rage ƙarfi, ruwa kuwa yana tafiya kaɗan kaɗan duk shekara. Wannan shi ne abin da kacala ta ke so. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, hanyoyi suka toshe. Sai ruwa ya karkata ya bi mashigin Marma zuwa tafkin Nguru, ya cinye gonaki da garuruwa a can, alhali kuwa waɗansu wurare da suka saba samun ruwa suka bushe. Masunci ba ya iya jefa taru cikin kacala, jirgi ba ya wucewa, shanu ba sa isa mashaya. Abin da ya fi muni, kacala ta zama maɓoyar jan-baki, wanda ya ke fitowa dubu dubu ya cinye shinkafa da gero da dawa.

A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka auna amfanin da a ke samu daga ruwa idan an bar shi ya malala a fadama, suka gwada da amfanin da a ke samu idan an juya shi cikin manyan gonakin noman rani. Da suka haɗa noma da su da itace, sai suka tarar mudun ruwa ɗaya ya fi kawo amfani a fadama nesa ba kusa ba. Ban faɗi wannan don a rushe madatsa ba. Na faɗa ne don mu sani duk ruwan da aka bari ya zube a banza a gonar Kano, daga bakin wani aka ɗebe shi.

ABIN DA HUKUMA TA YI

Tun 1963 Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji. Cikin 1985 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar hana kamawa da cinikin halittun da ke neman ƙarewa, aka kuma gyara ta aka tsananta tararta cikin 2016. Cikin 1987 aka kafa aikin kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru, da haɗin gwiwar ƙungiyar NCF ta Nijeriya da IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci tafkin Dagona a ƙasar Bade cikin 1989 don ganin tsuntsayen. Cikin 1991 aka sa Dagona cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Cadi.

Akwai kuma yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a garin Ramsar na Iran ran 2 ga Fabrairu 1971, don kiyaye fadamu da tafkuna. Wurin farko da Nijeriya ta sa cikin littafin wannan yarjejeniya shi ne tafkin Nguru da mashigin Marma, hekta 58,100, cikin shekarar 2000. Cikin 2008 aka ƙara da Dagona da Baturiya ta ƙasar Haɗeja. Cikin 2006 Gwamnonin Kano da Jigawa da Yobe da Barno da Bauci da Filato suka haɗu a Damaturu suka yarda da kafa asusu don gyaran waɗannan koguna. Cikin 2020 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a mai da dazuzzuka goma su zama gandun ƙasa, cikinsu har da Falgore da fadamar Haɗeja, watau kan kogin da ƙafarsa.

Dokoki ke nan da yarjejeniyoyi, ba su yi kaɗan ba. Amma takarda ba ta tsaron tafki. Ma'aikacin daji ɗaya ba zai iya zagaya gunduma guda ba. Wanda ya san mai harbi da dare, da mai zuba magani a ruwa, da mai sayar da bakin kududdufi, shi ne mai unguwa, shi kuwa mai unguwa Dagaci ya ke saurara, Dagaci kuma Hakimi.

INA AMFANIN TSUNTSU?

Na yi alkawari zan haɗa agwagwa da hatsi. Shamuwa da balbela da 'yan'uwansu fara da tsutsa su ke ci. Kashin tsuntsayen ruwa taki ne ga ruwa, shi ya ke ciyar da ƙananan halittun da kifi ya ke ci. Ungulu ita ce mai share mushe kafin ya zama cuta. Amma babban amfaninsu shi ne shaida. Ruwan da ya ishi agwagwa ta sauka, shi ne ruwan da zai ishi shinkafa ta nuna, kifi ya yi ƙwai, rijiya ta kawo, saniya ta sha. Ran da tsuntsu ya daina sauka, to, manomi da masunci da makiyayi su ma sun kusa tashi. Idan kuwa suka tashi, kun san inda za su nufa. Makiyayin da ya rasa ciyawar rani a fadama zai shigo gonakin gundumominku, saurayin da ya rasa su zai zo birni neman abin yi. Ƙarar da za ta zo zaurenku gobe, a can ta ke tsirowa yau.

Kada kuma a haɗa jan-baki da sauran tsuntsaye. Jan-baki maɓarnaci ne, yaƙinsa wajibi ne. Amma aikin ma'aikatan gona ne, su da suka san magani da ma'auninsa. Talakan da ya barbaɗa guba a bakin ruwa zai kashe zalɓe da kifi da akuyar maƙwabcinsa, jan-baki kuwa ya tashi ya koma wani wuri. Maganinsa na gaskiya shi ne a raba shi da kacala.

AIKIN HAKIMI

Na sani Hakimi ba shi da kotu yau, kuma tun dokar ƙasa ta 1978 ikon filaye yana hannun Gwamna da Ƙananan Hukumomi. Amma har gobe ba a cika cinikin fili a ƙauye ko a lungun birni ba tare da sanin mai unguwa ba, kuma maganar Hakimi tana shiga inda takardar ofis ba ta shiga. Kiyaye hurumi da burtali da mashaya ba baƙon abu ba ne gare ku, gadonku ne. Ga abin da a ke roƙo:

1. A gargaɗi Dagatai da masu unguwanni kada su shaida cinikin kududdufi, ko bakin rafi, ko burtali, ko mashaya. Idan an matsa musu, su kawo maganar gaba.

2. A sa rana kafin damina jama'a su fita aikin gayya su kwashe shara daga kududdufai da magudanu.

3. A tara sarakunan ruwa a ja kunnensu a kan zuba guba irin su gamalin cikin ruwa, da kamu da taru mai ƙananan idanu wanda ba ya barin 'ya'yan kifi. A raya al'adar rufe gurbi har sai Sarkin Ruwa ya buɗe, yadda a ke yi a Argungu da ƙasar Bade.

4. A tara Sarkin Baka da mutanensa a karanta musu dokar namun daji. A sanar da su gauraka da ungulu ba abin kamawa ba ne, ba kuma abin sayarwa ba ne. Babban mutum ya fara da kansa: kada ya karɓi kyautar gauraka, gama mai karɓa shi ke aiken mai kamawa.

5. A gundumomin noman rani, a hori manoma su rufe ruwa idan gona ta ƙoshi, su gyara magudanar da ta fashe, kada kuma su wanke tulun feshi a cikin kogi.

6. Inda ruwan majema ko na masana'anta ya ke shiga rafi yana kashe kifi, a rubuto wa Ma'aikatar Muhalli ta hanyar Majalisar Sarki, a kuma riƙa tuni har a ga aiki.

7. A gundumomin da ke kewaye da Falgore, a tsaya a kan masu sara da masu gawayi. Tudun da aka aske, ƙasarsa cikin kogi ta ke zubewa, ita ce lakar da ta ke cike madatsa da hanyoyin ruwa.

AIKIN MALAMI

Ku kuwa Malamai, aikinku ba ya bukatar kuɗi, sai littafi ɗaya da naciya. Kowane ofishin Hakimi ya buɗe littafin ruwa. A rubuta sunan kowane kududdufi da tafki da fadama da ke cikin gunduma, da ƙauyen da ya ke, da iyakarsa ta gabas da yamma da kudu da arewa, da sunayen dattawan da suka shaida iyakar. Kowace shekara a rubuta ranar da ruwa ya shiga, da ranar da ya ƙafe, da ranar da aka fara ganin shamuwa, da ranar da agwagin kaka suka sauka. Idan an sami tsuntsu da zobe a ƙafa, a kwafi lambar da rubutun daidai, harafi harafi, a sa rana da wuri, a aika wa ma'aikacin daji. Idan an ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa, a hana yara taɓa su, a hana ci, a sanar da likitan dabbobi ran nan, gama murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a ƙasar nan cikin 2006, ta hallaka kaji masu yawa a Kaduna da Kano.

Kada ku raina wannan rubutu. Ran da wani ya zo da takarda ya ce fili nasa ne tun kakansa, littafinku ne zai ce a'a, nan ruwa ne. Bayan shekara ashirin kuma, wanda ya gaje ku zai buɗe ya ga ko ruwan gundumarsa ƙaruwa ya ke yi ko raguwa.

Ranku ya daɗe, mu ne a kan kogi, mutanen Haɗeja da Nguru da Gashuwa suna ƙasa da mu. Abin da muka saki shi za su sha, abin da muka zuba shi zai same su. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙo idan kun koma gida ku tara Dagatai ku karanta musu wannan takarda, Malamai kuma su buɗe littafin kafin ruwan farko ya sauka. Allah ya ja zamaninku, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.